Tsakanin Wajibi da Marmari: Addu'a da Karatun Littafi Mai Tsarki a Wurin Kiristocin Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa mabiya addinin Kirista tuwo a ƙwarya, malamansu da almajiransu. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya wayi gari bai ji marmarin yin addu'a ko na buɗe Littafi Mai Tsarki ba, me ya kamata ya yi? Ya tilasta wa kansa ne, ko kuwa ya dakata sai ran da zuciyarsa ta motsa? Idan ya tilasta wa kansa, yana tsoron kada ibadarsa ta zama ta fatar baki, irin wadda Yesu Almasihu ya zargi munafukai da ita. Idan kuma ya dakata, mai yiwuwa ne kwana ya zama mako, mako ya zama wata, har ƙura ta rufe littafin a inda aka ajiye shi.

Wannan maƙala za ta dubi tambayar ne kamar yadda take a wurin Kiristocin da ke zaune a ƙasar Haɗeja da fadamun koginta, cikin Jihar Jigawa. A can Kirista 'yan kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, waɗanda ladan yakan kira su salla sau biyar kowace rana. Shi kuwa Kirista, musamman wanda ba ɗan Katolika ba, babu wani lokaci da addininsa ya yanke masa ya ce in ya wuce ya yi laifi. Saboda haka nauyin tsara ibadarsa ta yau da kullum a wuyansa yake. Za a nuna cewa ikilisiyoyin da ke amfani da Hausa ba su ɗauki wajibi da marmari a kan kishiyoyi ba. Sun ɗauki wajibi a kan abin da ke tsare wa marmari wurinsa har ya dawo.

Zuwan Addinin Kirista Ƙasar Haɗeja

Turawan Ingila sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilu na 1906, yaƙin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu a cikinsa. Tun kafin wannan lokaci, Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato, cikin 1903, cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Wannan ya sa aka daɗe ana hana 'yan mishan kafa tashoshi a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a farkon shekarun 1930 aka fara sassautawa. A 1937 ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa tun 1893, ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Daga cikin tashoshin da ta buɗe a Lardin Kano akwai ta Garun Gabas a ƙasar Haɗeja, watau tsohon garin nan da ake dangantawa da Biram ta cikin Hausa Bakwai. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM su ne suka haɗu suka zama ECWA a 1954.

Hanya ta biyu da addinin ya biyo ita ce ta jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori, wadda ta zama tashar Haɗeja kuma babbar kasuwar gyaɗa. Akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo da ikilisiyoyinsu, Angalika da Katolika da Baftis. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ma'aikatan gwamnati da 'yan sanda da ɗalibai da masu bautar ƙasa sun ƙaru, da yawansu daga Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, mutanen da Hausa ce harshen sujadarsu ko da yake ba ita ce harshen gidansu ba. Ke nan Kiristocin wannan ƙasa iri-iri ne, amma dukkansu kiran salla ɗaya ne yake tashinsu da asuba, kuma da yawansu sun sha jin maƙwabci ya tambaya, cikin raha ko da gaske, yaushe ne su suke yin tasu sallar.

Abin da Kalmomi Suke Nunawa

Kafin a shiga cikin koyarwar addini, ya dace a tsaya a dubi kalmomin da ake tattauna maganar da su, domin Hausa ta rarrabe abubuwan da wasu harsuna suka haɗe.

Da farko akwai salla da addu'a. A wurin Bahaushe salla ibada ce mai lokaci, mai alwala da alƙibla da raka'o'i ƙidayayyu. Addu'a kuwa roƙo ne da mutum zai yi a kowane lokaci, da kowane harshe. Masu fassara Littafi Mai Tsarki sun zaɓi addu'a, suka bar salla. Taron ranar Lahadi kuma ana kiransa sujada. Kusan wuri ɗaya ne kalmar salla take fitowa a wannan fage, watau inda take nufin biki, kamar yadda ake cewa sallar Kirsimeti. Wannan zaɓi yana da sakamako. Kunnen Bahaushe ya saba jin addu'a a matsayin abin da ake ƙarawa bayan an sauke farilla, don haka mai saurare yana iya ɗauka cewa ibadar Kirista gaba ɗayanta ta ganin dama ce. Shi kansa Kiristan yana iya faɗawa cikin wannan zato.

Na biyu akwai kalmomin so. Sha'awa, wadda aka aro daga Larabci, a bakin masu wa'azi ta fi karkata wajen jiki, shi ya sa akan ji ana gargaɗi a kan sha'awar jiki ko sha'awar duniya. Kwaɗayi kuwa abin zargi ne. Kalmar da aka fi amfani da ita wajen begen Allah ita ce marmari, sai kuma ƙishi da yunwa a matsayin misali. To amma marmari a Hausa abu ne na lokaci-lokaci. Kayan marmari su ne irin su mangwaro da gwaba da kankana, waɗanda akan ci in lokacinsu ya zo. Mutum yakan yi marmarin abin da ya daɗe bai samu ba, in ya samu kuma sai marmarin ya kwanta. Babu wanda yake gina rayuwarsa a kan kayan marmari.

Na uku akwai kalmomin nauyi. Tilas da dole suna ɗauke da ma'anar ƙarfi daga waje, abin da mutum zai yi ko ransa ba ya so, kamar yadda ake cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Wajibi kuwa hakki ne da mutum ya yarda yana kansa, kamar ciyar da iyali ko ziyarar mahaifa. Uban da ya fita neman abinci da sanyin hunturu ba lalle ne yana jin daɗin fitar ba, amma babu mai cewa ba ya ƙaunar 'ya'yansa. Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan magana daga haɗa wajibi da tilas yake tasowa.

Abin da Littafi Mai Tsarki Ya Nuna

Masu ganin cewa ibada sai da marmari suna da hujjoji masu ƙarfi. A sura ta 6 ta Matiyu, Yesu ya soki masu tsayawa yin addu'a a bakin hanya domin mutane su gan su, da masu tara kalmomi barkatai suna zaton yawan magana ne yake sa a amsa. Annabi Ishaya, a sura ta 29, ya yi kukan mutanen da bakinsu yake kusa da Allah alhali zuciyarsu tana nesa. A cikin misalin ɓataccen ɗa, sura ta 15 ta Luka, babban wan da bai taɓa saɓa wa ubansa ba shi ne ya ƙi shiga biki, domin shekarun da ya yi yana biyayya ya ɗauke su bauta. Zabura ta 42 da ta 63 kuma sun kwatanta mai neman Allah da mai jin ƙishi a busasshiyar ƙasa.

Masu ganin cewa ibada sai da tsari su ma ba su rasa nasu ba. Annabi Daniyel, a sura ta 6 ta littafinsa, yana durƙusawa sau uku kowace rana yana fuskantar Urushalima, kuma dokar sarki ba ta sa ya fasa ba, har aka jefa shi ramin zakoki. Zabura ta 119, wadda ta fi kowace tsawo da ayoyi 176, ta ambaci yabon Allah sau bakwai a yini. Luka ya nuna cewa zuwa majami'a ran Asabar al'adar Yesu ce, Markus kuma ya ba da labarin tashinsa tun da sauran duhu zuwa wurin da ba kowa domin addu'a. A sura ta 3 ta Ayyukan Manzanni, Bitrus da Yahaya sun tafi Haikali ne a lokacin addu'a da aka sani, wajen ƙarfe 3 na yamma.

Idan aka lura, za a ga cewa ko a sura ta 6 ta Matiyu abin da aka soka shi ne riya, ba a soki tsayar da lokaci ba, kuma a nan ne ma aka koyar da Addu'ar Ubangiji mai tsayayyun kalmomi. Har wa yau akwai Zabura ta 88, wadda mai ita ya fara da kuka ya ƙare cikin duhu, ba tare da wata ta'aziyya ba, amma duk da haka aka sa ta cikin littafin ibada. Wannan ya nuna cewa addu'ar wanda zuciyarsa ta bushe ita ma addu'a ce. Manzo Bulus ya ƙara da cewa, a wasiƙarsa ga Filibiyawa, Allah ne yake aikata nufin da kuma aikin a cikin mai bi, a wasiƙar Romawa kuma ya ce Ruhu yana taimakon wanda bai san yadda zai yi roƙo ba. Bisa ga wannan koyarwa, marmari baiwa ce da ake roƙo, mutum ba ya ƙera ta da kansa.

Yadda Magabata Suka Yi

Wani ɗan littafin koyarwa na farkon zamanin ikilisiya, wanda ake kira Didake, ya umarci masu bi su karanta Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba wasiƙa a kan addu'a wajen shekarar 412. A ciki ya bayyana cewa begen Allah da ba ya yankewa shi ne ainihin addu'a, amma ana keɓe sa'o'i na musamman a yi ta da kalmomi domin a tuna wa kai, kada hidimomin duniya su sa begen ya yi sanyi har ya mutu. A ƙarni na 6 Benedik na Italiya ya tsara wa sufayensa addu'a sau bakwai da rana da sau ɗaya da dare, suna sauke Zabura 150 kowane mako.

Ko masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16, waɗanda suka yi tsananin ƙin a ce ayyuka ne suke ceton mutum, ba su yar da tsari ba. A 1535 Martin Luta na Jamus ya rubuta wa wanzaminsa ɗan littafi a kan yadda ake addu'a. Ya gaya masa cewa shi kansa in ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, yakan ɗauki Zabura ya shiga ɗaki, ya yi ta maimaita Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya kamar yaro, har zuciyar ta ɗumama. Ya kuma gargaɗe shi da ya guji cewa bari a gama wannan aiki tukuna. A Ingila, littafin addu'a na 1549 ya taƙaita lokutan sufaye zuwa biyu, safe da yamma, domin talaka ma ya iya bi, kuma wannan tsari ne ikilisiyar Angalika ta kawo ƙasar Hausa ta hannun mishan na CMS a Zariya.

A zamanin nan ma akwai misali. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata, waɗanda aka buga a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sun nuna cewa ta yi kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta, alhali ba ta bar addu'ar asuba ko hidimar matalauta ba. Wasu sun ɗauki wannan a kan abin kunya, amma ikilisiyarta ta ɗauke shi a kan shaidar aminci.

Tsarin Ikilisiyoyin Hausa

Karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa yana da dogon tarihi. Bajamushen nan J. F. Schön ya buga fassarar Matiyu a 1857, da Sabon Alkawari a 1880. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa ne suka yi ɗawainiyar fassarar da ta kai ga buga cikakken littafin a 1932, aka kuma sake wata fassarar a ƙarshen shekarun 1970. A wurare da yawa 'yan mishan sukan so mai neman baftisma ya koyi karatun boko tukuna, domin ya iya karanta wa kansa. Ta haka karatu ya zama alamar mai bi.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Musulmin da yake tilawar Alƙur'ani da Larabci ya yi imani cewa akwai lada a kan kowane harafi, ko ya san fassara ko bai sani ba. Kirista kuwa yana karatu ne da harshen da yake ji, an kuma koya masa ya nemi saƙon da ayar take ɗauke da shi dominsa. Saboda haka ran da ya karanta bai ji wani abu ya taɓa shi ba, sai ya ga kamar ya yi aikin banza. Littafin da ke hannun 'yan Furotesta yana da littattafai 66 da surori 1,189, watau wanda yake karanta sura 3 ko 4 kullum zai sauke a shekara. Amma sananne ne cewa da yawa sukan fara da zafi a watan Janairu, su wuce Farawa da Fitowa, sa'an nan su maƙale a dokokin hadaya na Littafin Firistoci ko a lissafin kabilu na Littafin Ƙidaya.

Ikilisiyoyi sun yi dabaru domin tallafa wa irin wannan mai karatu. ECWA tana buga littafin bimbini na shekara-shekara mai suna Abincin Yini, inda aka ba kowace rana 'yan ayoyinta da gajeren bayani da abin addu'a. Sunan kansa amsa ce ga tambayar wannan maƙala, domin ya fitar da karatu daga cikin kayan marmari ya sa shi a layin tuwo. Tuwo kuwa ana cinsa kullum, ko miya ta yi daɗi ko ba ta yi ba, kuma majinyacin da bakinsa ya ƙi abinci shi aka fi lallashi ya ci. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri cikin 1957, ta koya wa 'yan makaranta keɓe ɗan lokaci da safe domin karatu da addu'a. Shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 ya yaɗa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje. Zumuntar Mata kuma tana da ranakun taronta da haddar ayoyi da ziyarar wadda aka ga ta daina zuwa. 'Yan Katolika suna da nasu, watau wajabcin halartar sujadar Lahadi da jan carbi da addu'ar safe da ta tsakar rana da ta yamma.

Duk waɗannan ba farillai ba ne irin waɗanda barinsu yake jawo ramuwa. Yawancinsu alkawari ne da mutum yake ɗaukar wa kansa. Mazaunin Haɗeja ba zai rasa abin kwatanta wannan ba, domin yana ganin 'yan ɗariƙar Tijjaniyya. Babu wanda ya tilasta wa mutum ya karɓi wuridi, amma da zarar ya karɓa, lazimin safe da na yamma da wazifa sun zama nauyi a kansa. So ne ya kai shi ga ɗaukar nauyin, nauyin kuma shi ne yake riƙe shi a ranar da son ya yi rauni.

Ibada a Zaman Fadama

Rayuwa a bakin kogin Haɗeja ba ta tafiya da agogo, da ruwa take tafiya. Ambaliya takan iso a watannin Agusta da Satumba ta shafe fadamu daga Auyo har zuwa Kirikasamma da Guri. In shinkafa ta fara nuna, dole mai gona ya riga tsuntsayen jan-baki isa, tun gari bai waye ba, ya kuma wuni yana kora. Ruwa yana janyewa sai su ya kankama, kasuwar kifi ta Haɗeja ta cika. Daga nan sai noman rani na alkama da tumatir da albasa, inda ban-ruwa yakan kai mutum dare. Bayan haka ga zafin bazara, wanda yake kashe jiki. Kiristan da yake noma ko fataucin kifi ko sayar da kayan injin ban-ruwa, wannan kalanda ce take juya shi. Abokin aikinsa Musulmi in lokaci ya yi sai ya yi alwala a bakin ruwa ya yi sallarsa a kan kunya, kowa kuma ya san dalilin tsayawarsa. Shi kuwa babu abin da zai tsayar da shi sai abin da ya ɗora wa kansa. Idan ya ce sai ya ji marmari, kaka za ta zo ta wuce bai buɗe littafi ba. A shekarun babbar ambaliya kuma, kamar 2018 da 2022, hanyoyi sukan yanke, wanda yake ƙauye ba shi da halin zuwa sujada a gari, sai abin da ya saba yi a ɗakinsa.

Kogin kansa yana da darasi a kan wannan. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa ya ci gonaki, wasu kuwa da suke kan tsofaffin rassan kogin suka rasa. Mutanen ƙauyuka sukan fito aikin gayya su sare kacala su buɗe hanya. Masu wannan aiki sun san ba su ne suke kawo ruwa ba, daga sama yake zuwa kuma a lokacinsa. Amma sun san cewa in ba a share hanya ba, ran da ya zo wani wuri zai nufa. Haka malaman ikilisiya suke kallon lokacin addu'a da aka tsayar. Ba ya haifar da marmari, sai dai yana buɗe masa hanya.

Haɗari Biyu

Haɗari na farko shi ne na sabo. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mutum yana iya karanta shafin Abincin Yini kullum shekara da shekaru, bakinsa yana motsi hankalinsa yana kasuwa. Ya fi muni in ya mai da ibadar abin ciniki, yana lissafin cewa tun da ya cika nasa, dole Allah ya tsare masa gona daga ambaliya, ran da ruwa ya ci kuma sai bangaskiyarsa ta tafi tare da shinkafar. Akwai kuma ibadar ganin ido, wadda take da saurin kama 'yan tsiraru, domin suna son maƙwabta su shaida cewa su ma masu addini ne. Wannan cuta ba ta addini ɗaya ba ce, domin Suratul Ma'un ma ta yi kashedi ga masu shagala da riya a cikin salla. A cikin iyali kuma, uban da ya mai da addu'ar asuba wurin faɗa da bulala yana iya sa yaro ya haɗa littafin da tsoro, ya ajiye shi ran da ya bar gida. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen icce ma yana karyewa.

Haɗari na biyu shi ne na auna ibada da abin da zuciya take ji. Daga shekarun 1970 ikilisiyoyin Fentikos sun yaɗu a Nijeriya, suka zo da kwanan addu'a da azumi da waƙa mai motsa jiki, sun kuma farkar da mutane da yawa da ibadarsu ta yi barci. Sai dai saurayin da ya saba da zafin babban taro a Jos ko Kaduna, in aiki ya kawo shi wani ƙauye a ƙasar Birniwa inda masu bi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, yana iya zaton Allah ya rabu da shi don kawai bai ji abin da ya saba ji ba. Daga nan wasu sukan shiga zargin kai, wasu su yi ta sauya ikilisiya, wasu kuma su bari gaba ɗaya. Abin da yake ji kuwa sau da yawa gajiya ce ko zazzaɓi ko kaɗaici, waɗanda ba su da alaƙa da matsayinsa a wurin Allah.

Shawarwarin da fastoci da dattawan ikilisiya suka saba bayarwa suna ƙoƙarin bi ta tsakanin waɗannan biyu. Akan ce a rage yawa kada a yanke, watau ayoyi 5 da natsuwa sun fi sura 5 da gaggawa. Akan ce wanda ya rasa abin faɗi ya ari bakin Zabura ko Addu'ar Ubangiji, ya kuma gaya wa Allah gaskiyar cewa zuciyarsa ta bushe, domin wannan faɗin ma addu'a ce. Akan ce a daidaita lokaci da aikin shekara, mai korar tsuntsu ya mai da nasa dare har a gama girbi. Akan kuma ce kada mutum ya zauna shi kaɗai, ya nemi ko mutum ɗaya da za su riƙa karatu tare. Wanda bai iya karatu ba kuwa, yanzu akwai littafin da murya a wayar hannu.

Kammalawa

An ga yadda zaɓen kalmar addu'a a maimakon salla ya bar Kiristan ƙasar Hausa ba shi da lokacin da aka yanke masa, da yadda zama a tsakiyar masu salla biyar ya sa wannan rashi ya fito fili. An ga kuma cewa Littafi Mai Tsarki da magabata irin su Agustin da Luta sun riƙe abu biyu tare: Allah zuciya yake nema, zuciya kuwa tana bukatar lokaci tsayayye. Ikilisiyoyin Hausa sun bi wannan sawu da littafin bimbini da addu'ar iyali da zumunta, suka sa ibada a matsayin abinci.

Ma'aunin da ya rage wa mai bi shi ne ya tambayi kansa abin da yake nema da wajibin da ya ɗauka. Idan yabon mutane yake nema, ko yana so ya bi Allah bashi, to ya koma sahun babban wan nan da ya tsaya a waje. Idan kuwa yana yi ne domin yana so marmarin ya dawo, to wannan son ma wani reshe ne na marmari, kuma ya isa ya zama dalilin buɗe littafin gobe da safe.